Yadda Ake Yin Takalmin Aiki Na Fata Mai Daɗewa, Da Yadda Ake Gane Na Kirki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da ma'aikata a wurin gini, kuma duk but ɗin da na saya ba ya kai shekara sai ƙasansa ya ɓamɓare ko ya rugurguje. Ina jin ana maganar takalman aiki na fata irin su Red Wing da White's, wai mutum kan yi shekara goma yana sa abinsa. Yaya ake yin su, me ya bambanta su da sauran, kuma idan na ci karo da su a gwanjo ta yaya zan gane na kirki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babu takalmin da ƙasansa ba ya cinyewa, komai tsadarsa. Mai tafiya kan kankare kullum zai cinye sol ɗin roba cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ko na wane kamfani ne. Abin da ya bambanta waɗannan takalman shi ne an gina su yadda za a ɓalle sol ɗin da ya ƙare a sa sabo ba tare da an taɓa saman ba, kuma an zaɓi fatar da za ta iya jiran sol na biyu da na uku. Shekara goman da kake ji daga nan take fitowa.

Naka da ke mutuwa da wuri, ɗayan biyu ne. Ko dai gam kaɗai ya riƙe sol ɗin da saman, zafin ƙasa da ruwa da lanƙwasa suka saki gam ɗin. Ko kuma sol ɗin na wata roba ce mai kumfa da ake kira foliyuretan, wadda ake rubuta PU a jikinta, ana zuba ta tana ruwa a jikin takalmin ta daskare. Tana da sauƙin nauyi da daɗin takawa, amma danshin iska yana shiga ya tsinka sinadarinta a hankali, zafi kuma yana gaggauta hakan. Abin mamaki, ajiya ta fi sawa kashe ta, shi ya sa za ka ga but kamar sabo daga dila, ka sa shi kwana uku ya bar maka ɓarɓashi a hanya. Irin wannan ba ya gyaruwa, domin babu inda za a kafa ɗinki.

Waɗannan takalman 'yan Amurka ne, kuma kowane salo yana da aikin da ya haife shi. Charles Beckman ya kafa kamfanin Red Wing a 1905 a garin Red Wing na jihar Minesota, don manoma da masu saran katako da masu haƙar ma'adinai. Iron Ranger ɗinsu ya samo sunansa daga mahaƙan ƙarfe na arewacin jihar, kuma fata ninki biyu da ke kan yatsunsa kariya ce ta zamanin da ƙarfen kan yatsu bai yaɗu ba. Mai farin sol shimfiɗaɗɗe mai lamba 877 ya fito a 1952. A arewa maso yammacin ƙasar kuma, inda ake saran manyan itatuwa a kan tsaunuka, akwai White's da Nicks a birnin Spokane, da Wesco a jihar Oregon tun 1918. Nasu sun fi kauri da nauyi da tsayin dunduniya, har yau kuma masu kashe gobarar daji na sa su.

Aikin daga majema yake farawa. Jima iri biyu ce ake haɗawa a takalmi ɗaya, kuma kowacce da inda take zama. Ta farko jimar tsirrai, irin wadda majemanmu na Kano ke yi da 'ya'yan bagaruwa, su kuma Turawa da ɓawon itatuwansu. A kirgi mai kauri tana cin makonni zuwa watanni, tana ba da fata mai tauri wadda ke shan gumi, ta ɗauki siffar abin da aka danna mata ta riƙe. Da ita ake yin sassan ƙasa da ba a gani. Ta biyu jimar gishirin kurom, wadda ta yaɗu bayan 1884. Cikin kwana ɗaya ko biyu take kama fata, tana ba da fata mai laushi da ke jure ruwa da zafi da lanƙwasa, don haka ita ce ta saman takalmi. Bayan jimar sai a zuba fatar cikin manyan ganguna masu juyawa, a ɗura mata mai da kitse da kakin zuma da zafi har su ratsa ta. Chromexcel na majemar Horween da ke Shikago misali ne sananne: ana jeme ta da kurom, a sake da tsirrai, a cika ta da mai, matakai 89 cikin kwanakin aiki 28. Red Wing kuwa suna da majemarsu ta kansu, S.B. Foot, wadda ta faro tun 1872. Idan ka lanƙwasa irin wannan fatar ka ga wurin ya yi haske, ka murza da yatsa launin ya dawo, man ne ke gudu yana komawa.

Kaurin fatar sama a takalmin aiki na kirki yakan kama daga milimita 2 zuwa 2.4, na masu saran katako kuma ya kai 2.8 zuwa 3.2. A takardun Amurka za ka ga suna auna kauri da oza. Kowace oza ɗaya kusan milimita 0.4 ce, saboda haka fata mai oza 6 ita ce milimita 2.4. Fatar jan akuyar Sakkwato da duniya ta sani tana da kyau ƙwarai a shafin ciki, amma ba ta da kaurin da za ta zama saman takalmin gini. Wannan aikin kirgin sa ne. Sai kuma fuskar fatar. Mafi ƙarfin zaren fata yana can sama, wajen da gashi ya fito. Fatar da aka bar mata wannan fuskar yadda take ita ce ta ɗaya. Wadda aka goge da yashi aka shafa mata fenti mai sheƙi don ɓoye tabo tana tsagewa a inda take lanƙwasa. Mafi muni ita ce ta ƙasan da aka tsago aka lulluɓe da leda mai zanen fata. Wannan tana saɓulewa kamar yadda ka sha gani. Akwai kuma cikakkiyar fata da ake juya bayanta mai gashi-gashi waje. A wurin gini na fi son ta, domin bulo da rodi ba sa yi mata tabon da ke nunawa, fuskarta mai santsi kuma tana ciki wajen ƙafa.

Mai yanka yana da hannu sosai a ƙarkon takalmi, duk da ba a ganinsa. Fatar gadon baya da ɗuwawun sa a matse take, ta ciki da hammata sakwa-sakwa ce. Mai yanka na kirki daga gadon baya zai fitar da goshin takalmin, inda ake lanƙwasawa dubban sau a rana, ya bar ta gefen ciki ga harshe. Idan aka yi tsumulmular fata aka yanko goshi daga ciki, bayan wata ɗaya za ka ga manyan tamoji masu kumbura a kan yatsu. Daga nan sai a fere bakin kowane yanki inda zai hau kan ɗan'uwansa don kada haɗin ya yi tudu ya ci ƙafa, a ɗinke su layi biyu ko uku. Red Wing har yanzu suna amfani da tsofaffin kekunan Puritan masu yin layi uku a tafi ɗaya, da zaren da ke ratsa narkakken danƙo don ya toshe hujin allura. A bayan dunduniya ana saka wata fata mai tauri da ke riƙe diddige, a kan yatsu ma ana sa abin da zai tsayar da siffa.

Yanzu sai ƙasan, kuma a nan nake so ka fi sa hankali. Ana ɗauko las, wato icce ko roba mai siffar ƙafa, a kafa masa shimfiɗar ciki a tafinsa da ƙananan ƙusoshi. Shimfiɗar cikin ita ce fatar da ƙafarka za ta taka, ta jimar tsirrai, kaurinta milimita 3 zuwa 5 ko fiye. Kai mai gini ne, to wannan fatar ita ce harsashin ginin: duk abin da zai biyo baya a jikinta yake rataye, kuma ita kaɗai ce idan ta ruɓe ba a canza ta sai an warware takalmin gaba ɗaya. Kamfanin da ke son rage kuɗi ba tare da mai saye ya gani ba a nan yake fara yi, ya sa kwali ko matsattsen ɓarɓashin fata ya rufe da soso. Gumi yana cinye irin wannan cikin shekara biyu.

A ƙarƙashin shimfiɗar, kusa da baki, ana tayar da wani ɗan tudu da ya zagaye ta. A aikin hannu na da, daga jikin fatar ake sassaƙo shi. A masana'antun yau tsirin zanen kambas ne ake mannawa da gam. Sai a turara saman takalmin ya yi laushi, a ja shi a kan las da ƙarfi, a lanƙwaso bakinsa zuwa jikin tudun. Sannan a kawo wani siririn tsirin fata mai faɗin kamar santimita ɗaya da rabi, bari mu kira shi ɗamara, a ɗinke abu uku da zare ɗaya: ɗamarar, da bakin saman takalmin, da tudun. Ɗinkin a kwance yake tafiya, ba ya huda wajen da ƙafa take, kuma da an gama ba a ƙara ganinsa. Wannan shi ne ɗinkin Goodyear, da sunan Charles Goodyear ƙarami, ɗan mutumin da ya gano dafa danƙo, wanda injinsa na wajajen 1869 ya mai da aikin sa'o'i na hannu ya koma na mintuna.

Tudun ya bar rami a tsakiyar tafin. Ana cika shi da garin kok, ɓawon itacen nan na Fotugal da Sifen da ake toshe bakin kwalba da shi, a kwaɓe da gam. A ƙarƙashin kwarin ƙafa, tsakanin dunduniya da tudun yatsu, ana kwantar da siririn ƙarfe mai tsawon kamar inci 4. Shi ke hana takalmi mai dunduniya karyewa a tsaka, shi ke ɗauke maka ciwo idan ka daɗe tsaye a kan tsani ko kana taka shebur. Bayan makonni kaɗan na sawa, kok ɗin da shimfiɗar suna lotsawa su ɗauki sawun ƙafarka, shi ya sa takalmin ke ƙara daɗi da tsufa. A ƙarshe sai a manna sol, wani lokaci da wani sol na tsakiya, a yi ɗinki na biyu daga saman ɗamara zuwa ƙasa, kamar ɗinki 5 zuwa 8 a kowane inci. Shi ne ɗinkin da kake gani ya zagaye bakin takalmin. Ranar canjin sol shi kaɗai ake yankewa. Na farko yana nan bai san abin da ake ciki ba. Dunduniya kuma ana jera ta da fata fala-fala ko roba, a kafe da ƙusa.

Mutanen Spokane da Oregon wata hanya suke bi. Maimakon a lanƙwasa bakin fatar goshi ciki, sai a baje shi waje a ɗinke shi kai tsaye a jikin sol na tsakiya mai kauri, galibi layi biyu. Ruwa yana gangarowa ya zube waje maimakon ya sami tsagin shiga, kuma babu kambas da gam a ciki. Kwarin ƙafar ma da fata ake gina shi, a kafe da ƙusa. Ya fi jure wahala. Illarsa ita ce duk canjin sol a cikin fatar saman ake huda, don haka yana buƙatar gwani mai bin tsofaffin huji. Raunin na Goodyear kuwa shi ne kambas ɗin nan: idan takalmi ya daɗe yana jiƙa yana bushewa gam ɗinsa kan saki, gefen takalmin ya buɗe ya rasa siffa.

Zaɓin sol ya danganta da inda kake takawa. Farin sol shimfiɗaɗɗe marar dunduniya ya fi daɗi a kan kankare da dakali, ba ya kwasar laka, ba ya maƙalewa a rodi, amma yana saurin cinyewa. Mai manyan haƙora, wanda Vitale Bramani ya ƙirƙiro a Italiya a 1937 ya zama kamfanin Vibram, ya fi kama ƙasa a tsakuwa da taɓo kuma ya fi daɗewa, sai dai nauyi. Idan kana yawan hawa tsani, nemi mai dunduniya mai kusurwa da za ta riƙe matakala.

Akwai abin da ya wajaba ka sani kafin ka kashe kuɗinka. Yawancin takalman da ake sayarwa a matsayin na gado, har da Iron Ranger da 875 (gajeren 877 na Red Wing), ba su da ƙarfen kan yatsu, kuma ba su da farantin hana ƙusa huda tafi. A wurin da bulo ke faɗowa ba su isa ba. Duba cikin harshen takalmin: idan an rubuta ASTM F2413 ko EN ISO 20345, an gwada shi, na biyun, wato ma'aunin Turai, yana buƙatar murfin yatsun ya jure dukan jul 200 (jul ma'aunin ƙarfin duka ne). Kamfanonin nan duka suna yin masu ƙarfen yatsu da irin wannan ɗinkin, su za ka nema. Ka kuma guje wa masu rufin ɗumi ko ledar hana ruwa a ciki, don ƙasashen ƙanƙara aka yi su. A zafinmu, mai tsayin inci 6 marar shafi ko mai shafin fata ya fi.

A gwanjo, fara da juya takalmin. Akwai ɗamarar ƙarya, tsirin roba ko fata da aka riga aka yi wa ɗinkin ado aka manna da gam. Ƙirga ɗinkin da ke cikin inci ɗaya a sama, ka ƙirga na ƙasa a daidai wurin. Idan ba su zo ɗaya ba, ado ne. Amma kada rashin ganin ɗinki a ƙasa ya ruɗe ka a mai farin sol, domin shi a sol na tsakiya ɗinkin ya tsaya, farin manna shi aka yi a kai. A irin wannan, duba gefe ka ga siririn layin sol na tsakiyar, ka sa farce ka taɓa zaren ka tabbata zare ne ba zanen roba ba. Sannan zura hannu ciki, ka ɗaga soson da ke ciki idan akwai. Kana neman fata mai tauri mai santsi. Idan ta yi baƙi ƙirin, ta tsattsage, ko bakinta ya naɗe, ajiye shi komai kyan samansa. Idan sawun mai shi na farko ya lotsa sosai, ba zai koma naka ba. Matsa bayan dunduniya da yatsu biyu, ya kamata ya ƙi lotsawa. Lanƙwasa goshin ka duba tamojin: layi ba komai ba ne, tsaga kuwa ba ta warkewa. Sol da ya cinye ba aibi ba ne muddin cin bai kai ɗamara ba, hasali ma dalilin neman ragi ne.

Wajen gwaji, je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri irin wadda za ka yi aiki da ita. Abin dubawa na farko shi ne mafi faɗin ƙafarka ya zauna a mafi faɗin takalmin, domin a nan aka tsara ya lanƙwasa. A gaban babban yatsa a sami sarari kamar santimita ɗaya. Fata tana buɗewa kaɗan a faɗi, ba ta ƙara tsawo, mai ƙarfen yatsu kuwa ba ya buɗewa ko kaɗan. Takalman Amurka suna da harafin faɗi kusa da lamba: D matsakaici, E da EE masu faɗi. Wanda ya tashi da silifas da fade yatsunsa a baje suke, sau da yawa EE ne nasa. Diddige ya ɗan ɗaga a sabon takalmi ba laifi, yana dainawa idan sol ya saba. Makon farko sa shi awa biyu zuwa uku a rana, kana ƙarawa. Matsi na ko'ina yana wucewa, amma yatsa mai dukan gaba ko ƙafa mai mutuwa alamar ba lambarka ba ce.

Abin da ke kashe waɗannan takalman a hannun mutane gumi ne da wuta da siminti. Fatar da ta sha gumin yini tana buƙatar kwana guda ta bushe, don haka mai but biyu yana musanyawa zai ci moriyarsu fiye da ninki biyu na mai ɗaya. Idan ya jiƙe, cusa masa tsohuwar jarida ka ajiye a inuwa inda iska ke bi. Kada ka kai shi bakin murhu ko kan kwano a rana: jiƙaƙƙiyar fatar jimar tsirrai tana ƙanƙancewa ta ƙone tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 70 zuwa 85, kuma shimfiɗar ciki ce za ta fara tafiya. Siminti yana zuƙe man fata ya ƙona ta, saboda haka a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma a ranar, kada ya kwana. Ƙura ma tana shiga tamoji ta yi ta gurzar fata, buroshi na minti ɗaya da yamma ya wadatar. Mai kuwa kaɗan ake sawa, duk wata uku zuwa shida, a ƙara kusantawa a hunturu idan fatar ta yi fari ta bushe. Yi amfani da man da aka yi don fata, ko ɗan man kaɗanya da aka narka da kakin zuma, a shafa siriri a bar shi ya kwana a goge. Baƙin mai na inji yana lalata fata da gam, man gyaɗa da manja suna ɓaci su jawo fumfuna. Yawan mai ma illa ne, yana sa fata ta saki takalmin ya zube. Idan fumfuna ta fito da damina, goge ta da ruwan khal da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, ka shanya a inuwa.

Kai shi gyara tun sauran robar sol ta kai milimita 2, kuma canza robar dunduniya da zarar ta karkace, kafin cin ya kai jikin fatar da ke samanta. Ka tsaya ka yi wa mai gyaran bayani, domin yawancin masu gyaranmu sun saba da huda takalmi daga ciki su fito ta ƙasa da allurarsu mai ƙugiya, wannan kuwa yana huda shimfiɗar ciki ya buɗe wa ruwa hanya. Abin da za ka ce masa: ya zura wuƙa tsakanin ɗamara da sol ya yanke zaren, ya tsince tsohon zaren ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta kok idan ya rugurguje, ya kankare fuskokin biyu, ya shafa gam a kowacce ya jira minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, ya haɗa ya buga da guduma, sannan ya ɗinke da zare mai kaki ta cikin tsofaffin hujin ɗamarar. Sabbin huji a tsakanin tsofaffi suna yaga ɗamara. Idan mai farin sol ne kuma na tsakiyar lafiya lau yake, ba sai an taɓa ɗinki ba, ɓamɓare farin za a yi a manna sabo. A bar gam ɗin ya yi awa 24 kafin ka taka. Ɗamara ɗaya takan ɗauki canjin sol biyu zuwa uku idan an bi hujinta, daga nan ita ma a warware ta a ɗinka sabuwa a jikin tudun shimfiɗar.